Yadda zaki haɗa tauraron tsakiyar bargo ya fito cif, tsininsa bai yanke ba

Assalamu alaikum 'yan uwa masu taka keke, mata da maza, amma zan fi yi da mata dan su suka fi tsayar dani akan maganar nan. Tunda na rataye bargon haɗe-haɗe mai tauraro a tsakiya a shagona dake Jekadafari anan Gombe, duk wadda ta shigo kawo ɗinki sai ta kai hannu ta shafa tsinin tauraron tace wai da gaske ke kika haɗa ko daga waje aka kawo, wasu ma sun koma gida sun gwada sun dawo min da nasu a leda, tsakiya ta kumbura, tsini ya yanke, gefe sai rawa yake. Matsalarsu kusan guda ce, kuma nima da ita na fara cin karo, shiyasa nace bari in zauna in warware bayanin tiryan-tiryan.

Irin wannan bargon Turawa suna ce masa medaliyon kwilt. Abu ɗaya ne babba a tsakiya, sai a riƙa zagaye shi da boda, boda kan boda har ya kai girman gado, kamar dai saƙar faifai, daga cibiya ake farawa ayi ta zagayawa har baki. Kuma kinsan faifan da cibiyarsa ta karkace bakinsa ba zai taɓa zama ba. Tsohon salo ne, yayi tashe a Ingila da Amurka tun ƙarshen shekarun 1700 zuwa farkon 1800. Akwai wani sananne da wasu mata fursunoni suka ɗinka a 1841 a cikin jirgin ruwa mai suna Rajah, lokacin da aka ɗebo su daga Ingila za'a kaisu Tasmaniya, ƙyalle 2,815 ne a jikinsa kuma duk da allurar hannu, har yau yana ajiye a gidan adana kayan fasaha na ƙasar Ostireliya a Kanbera. Ina kawo shi ne saboda masu ce min ai sai da keken lantarki mai tsada. Butterfly ɗinki baƙi mai takawa ya isa, har ma ya fi wasu a wannan aikin, zan faɗi dalili a gaba.

Abinda ke kayar damu ɗabi'ar da muka saba da ita ce a ɗinkin sutura. Mu a riga muna barin alawus rabin inci ko inci guda, da ido muke ƙiyastawa, in ya ɗan wuce ko ya ɗan gaza jiki zai ɓoye, in gefe ya fi gefe tsawo a sa almakashi a daidaita shikenan. A haɗin tauraro babu wannan. Alawus ɗin kwatan inci ne, kwata cif, a kowane ɗinki daga na farko har na ƙarshe, domin duk lissafin yankan akansa aka gina shi.

Ɗauko tef ɗinki ki duba, tsakanin kowane inci akwai ƙananan gida 8. Gida 2 shine kwata, gida 4 rabi. To a ce kina wuce kwata da rabin gida kawai, abinda ido ma baya gani sosai. Kowane ɗinki ƙyalle biyu yake ci, kenan kin rasa gida 1 a ɗinki ɗaya. Ƙaramin tauraro yana da ɗinki 2 daga hagu zuwa dama, kin rasa kwata kenan, zai fito 12 da kwata maimakon 12 da rabi, alhali abinda zaki liƙa masa a gefe yana nan 12 da rabinsa. Daga nan sai ki fara ja kina miƙarwa dan su haɗu, kuma daga jan nan ne kumburi da tattara suke shigowa. Na farko da nayi na kayan ɗakin ƙanwata ne, saura sati biyu biki, nayi shi da ido yadda na saba, da na shimfiɗa a tabarma tsakiyar ta tashi kamar an kifa ƙaramin kwano a ƙarƙashi, tsini uku sun nutse cikin ɗinki. Dare uku ina farke shi da reza, raina ya ɓaci sosai saboda atamfar tana da tsada kuma gefunanta sun fara zarewa. Tun daga ranar bana taka keke sai na gwada kwatana.

Tauraron da zamu yi shine wanda suke kira haƙorin zarto, mai tsini 8, kuma guda biyu zamu yi, ƙarami na inci 12 a cikin babba na inci 24. Na zaɓe shi ne dan duk yankansa miƙaƙƙe ne, sukwaya da dogon sukwaya kawai, kuma 24 lamba ce mai daɗin lissafi, tana rabuwa da 2 da 3 da 4 da 6 da 8, abinda zai taimake ki in an zo boda. Akwai wasu taurarin da ake haɗawa da yanka mai siffar daimon a kwana 45, suna da kyau matuƙa amma gefunansu a karkace suke, miƙewa suke kamar roba, ki bar su sai hannunki ya faɗa.

Maganar yadi. Ki nemi auduga zalla, kuma duka kalolin kaurinsu ya zo ɗaya, kar ki haɗa shadda mai nauyi da yadi shara-shara. Yanzu atamfa mai roba ta cika kasuwa, ko a Tsohuwar Kasuwa ko wadda ake saro mana daga Kantin Kwari sai kin lura. In kina shakka ki yanki ɗan guntu ki kusanta shi da ashana a waje, auduga tana ci ta bar toka mai laushi da warin takarda, mai roba kuma narkewa take ta dunƙule tayi tauri. Mai roba bata riƙe karin guga, kuma wannan aikin rabinsa guga ne. Abin yana min ciwo wani lokacin, garin da har unguwar BCGA muke da ita saboda tarihin auduga amma sai ka sha yawo kafin ka samu farin yadin auduga na kirki. In kin samu alawayyo mai kyau ki riƙe shi, yana yin bango mai kyau.

Kala uku nake sawa da fure ɗaya. Fari shine bangon waje, shuɗi shine babban tauraro kuma shine bangon ƙaramin, ruwan goro ko ɗorawa shine tsinin ƙaramin tauraro, sai furen atamfa guda ɗaya mai kyau a cibiya. Shuɗi ki sayi yadi 1, fari rabin yadi ya isa tauraron amma ki ƙara saboda boda, ruwan goro ko ragowar ɗinki ya wadatar. Ki wanke kowanne daban tukunna, dan ki gane mai zuba kuma wanda zai shige ya shige tun yanzu, ja da shuɗi mai duhu su suka fi zuba akan fari. Kafin ya gama bushewa ki sa masa sitaci daidai misali, na feshi ko na rogo da ake damawa, ki goge ya ɗan yi ƙarfi kamar takarda. Sitacin kafin yanka ake sawa, in kika jiƙa ƙyallen bayan kin yanka girmansa zai canza. Gefen da ake rubuta sunan kamfani ki yanke shi ki ajiye can, saƙarsa ta fi matsewa, baya tafiya daidai da sauran.

Awo kuma da rula ɗaya zaki yi daga farko har ƙarshe, ta ƙarfe ko ta roba mai kauri. Tef ɗin tela yana miƙewa in ya tsufa, kuma akwai wani tef ɗan Chana da gefe ɗaya ba inci bane, awonsu ne na can wanda ya fi inci tsawo. Gwajinsa mai sauƙi ne, inci 10 dole ya faɗa kan santimita 25.4. Zane da fensir mai tsini zaki yi, alli da guntun sabulu layinsu yana da kauri, kaurin layin kaɗai ya kai rabin gida. Masu hali suna amfani da wuƙar nan mai taya wadda kamfanin Olfa na Japan ya fito da ita a 1979, da faifan robarta na yanka, in kina da ita madalla. In babu ki yanka ma'auni a kwali mai ƙarfi ko tsohuwar robar hoton ƙashi ta asibiti, ki auna shi sau biyu, ki tabbatar kusurwarsa ta hau kusurwar farar takarda daidai, sai ki riƙa zana kewaye dashi kina yankawa ta cikin layin fensir ɗin, ba ta waje ba. Kuma kar ki ninka yadi huɗu ki ce zaki yanka da almakashi lokaci ɗaya, na ƙasa zamewa yake. Biyu ya isa. Tun ran gini tun ran zane, ƙyallen da aka yanka a karkace babu ɗinkin da zai miƙar dashi.

Ƙa'idar yankan ita ce duk girman da kike so ya bayyana ki ƙara masa rabin inci, kwata ta nan kwata ta can. Na ƙaramin tauraro: cibiya sukwaya 1 mai inci 6 da rabi, ruwan goro sukwaya 8 masu 3 da rabi, shuɗi sukwaya 4 masu 3 da rabi, sai shuɗi dogaye 4 masu 3 da rabi a faɗi 6 da rabi a tsawo. Na babba kuma: shuɗi sukwaya 8 masu 6 da rabi, fari sukwaya 4 masu 6 da rabi, fari dogaye 4 masu 6 da rabi a faɗi 12 da rabi a tsawo. Ƙyalle 33 kenan gaba ɗaya. Duk ki yanka su bin zaren yadi, a tsaye ko a kwance, banda karkace. Na cibiyar ki huda taga mai 6 da rabi a kwali ki riƙa yawo da ita akan atamfar har furen ya zauna a tsakiyar tagar sannan ki zana, zai ci miki yadi amma wajen ne ido ke fara sauka. Wani abu kuma, atamfa mai kyau gaba da bayanta kusan iri ɗaya ne, ki sa ɗan alamar fensir a bayan kowane ƙyalle tun wajen yanka, in ba haka ba sai an gama a fito rana ki ga tsini ɗaya ya fi sauran dushewa.

Yanzu kwatan keke, nan nake so ki fi bani hankalinki. Ki zana layi a takarda kwata daga bakinta, ki sa ƙarƙashin allura, ki juya tayar da hannu allurar ta sauka a jikin layin ta ɓangaren bakin takardar, kamar kaurin zare ɗaya ƙasa da kwata. Dalilin ragin nan shine in kika buɗe ɗinki kika goge, ninkin yadin da kaurin zaren suna cin ɗan wuri. Ki sauke ƙafar keke ta danne takardar, sai ki liƙa salatif na takarda a jikin farantin keken daidai bakin takardar, ki ɗora kamar sau biyar ko shida har yayi ɗan tudu da yadi zai riƙa jingina dashi. Kar ki dogara da bakin ƙafar keke, kowace ƙafa da faɗinta.

Sai gwaji. Ki yanka ƙyalle 3 masu faɗin inci 1 da rabi, tsawo kamar inci 4, ki haɗa su gefe da gefe, ki goge, ki auna. Faɗin duka ya zama 3 da rabi, na tsakiyar ya zama inci 1 cif. In ya gaza ɗinkinki yayi faɗi, ki matso da salatif kusa da allura kaɗan. In ya wuce ki matsar dashi baya. Ki sake yankan wasu ki sake gwadawa har ya faɗa, ni wani lokacin sai nayi sau huɗu, musamman in yarinyar shago ta taɓa keken ko na canza zare. Allura lamba 12 ko 14 sabuwa, zare siriri mai kyau, taku ƙanana kamar 12 zuwa 14 a inci ɗaya, da irin wannan takun ba sai kin riƙa komawa baya kina ƙullewa ba tunda wani ɗinkin zai hau kansa. Abinda nace baƙin keke ya fi wasu shine ramin allurarsa ƙarami ne zagayayye, baya haɗiye kusurwar ƙyalle kamar mai zigzag da raminsa ke da faɗi. Duk da haka ki fara taku akan wani guntun ƙyalle sannan ki zura na aikin a bayansa ba tare da kin yanke zare ba.

Tsinin tauraron daga wani haɗi yake fitowa wanda Turawa ke kamantawa da dinya tana tashi, ni fiffike nake ce masa a shago. Dogon ƙyalle 1 da sukwaya 2 ke bada fiffike ɗaya. A bayan kowane sukwaya na ruwan goro ki ja layi da rula daga kusurwa zuwa kusurwa. Ki ɗora shi akan ƙarshen dogon shuɗin, fuska na kallon fuska, gefuna uku sun hau daidai, layin ya taso daga kusurwar ƙasa ta waje ya nufi tsakiyar sama. Ki kafa fil biyu nesa da layin. Wajen ɗinki kar ki taka kan layin sosai, ki bi jikinsa ta ɓangaren kusurwar da za'a yanke, kaurin zare ɗaya, saboda ninkin nan da na faɗa. Kuma kar ki ja yadin, nan ɗinkin a karkace yake, bayas ne, ki bar haƙoran keke su tafi dashi, hannunki shiryarwa kawai.

Kafin ki sa almakashi ki naɗe ruwan goron zuwa kusurwa ki danna da guga ki duba, ya rufe kusurwar shuɗin dake ƙasa daidai? In ya rufe sai ki buɗe ki yanke biyun ƙasan ki bar kwata. In bai kai ba ko ya wuce ki farke yanzu, tun shuɗin yana nan cikakke yana nuna miki gaskiya, in kika riga kika yanke babu abin gwadawa kuma. Sai ki ɗora sukwaya na biyu a ɗaya ƙarshen, zai ɗan hau kan na farko a tsakiya, haka ake so. In kin gama, fiffiken ya auna 3 da rabi da 6 da rabi kamar yadda dogon yake tun farko, kuma wajen da layuka biyun suka haɗu suka yi tsini ya kasance kwata ne tsakaninsa da baki. Wannan kwatan shine ran aikin. Wasu in sun ganshi sai su ɗauka kuskure ne su datse shi, to shi ɗinki na gaba zai ci, in babu shi tsinin ne zai tafi.

A manyan fiffiken kusurwar da ake yankewa tana da girma, asara ce a zubar. Ki ja layi na biyu rabin inci daga na farko ta ɓangaren kusurwar, ki ɗinke shi shima, ki yanka tsakaninsu, zaki samu sukwaya rabi fari rabi shuɗi guda 8 masu kusan inci 5 da rabi, suna yin rigar filo mai kyau da zata shiga da bargon.

Guga. Mu mun saba da turawa da ja kamar ana goge shadda, anan ɗorawa ake a ɗaga, a ɗora a ɗaga. Da farko ki danna ɗinkin a rufe yadda ya fito daga keke dan zaren ya kwanta, sannan ki buɗe da yatsa ki kwantar da alawus ɗin gefe guda ki danna ta fuska. Ba ruwa, ba tururi, tururi yana miƙar da bayas. Dutsen gawayi yana yi sarai in an ɗauke wuta, ki dai goge ƙasansa ki kaɗe toka nesa da farin yadin, in yayi zafi da yawa ki sa wani ƙyalle a tsakani.

Haɗawa layi uku ne. Ki shimfiɗa duka a tebur yadda zasu zauna, cibiya a tsakiya, fiffike huɗu a gefunanta, kowanne tsinin shuɗinsa yana kallon cibiya, sukwaya huɗu a kusurwoyi. Ki tsaya ki kalla da kyau kafin ki ɗauka, juya fiffike baibai abu ne mai sauƙin faruwa in ana hira a shago. Layin sama sukwaya, fiffike, sukwaya, na ƙasa ma haka, na tsakiya fiffike, cibiya, fiffike. Duk sanda zaki haɗa fiffike da cibiya ki sa fiffiken a sama bayansa na kallonki, zaki ga inda ɗinki biyu suka gitta juna kamar alamar kuros. Allurarki ta wuce ta jikin mahaɗar ta ɓangaren baki, kaurin zare ɗaya. In ta bi ta ciki kin yanke tsini, in tayi nisa ta waje tsinin zai tsaya yana lilo bai taɓa cibiya ba. Ni in na kusa wajen sai in cire ƙafa daga taku in juya tayar da hannu, taku huɗu ko biyar, ina kallon allurar tana sauka.

Alawus na layin sama da na ƙasa ki kwantar dasu wajen sukwayan kusurwa, na layin tsakiya kuma wajen cibiya. Amfanin haka in kika kifa layi akan layi, ɗinkin ɗaya ya kwanta hagu ɗayan dama, sai su cije juna, zaki ji da yatsa sun zauna ba tudu ba rami. Ki kafa fil a mahaɗar biyu tukunna, sannan tsakiya wajen tsini, sannan ƙarshe da ƙarshe. Kar ki taka kan fil, ki zare in kin iso. In kin gama ki goge ki auna, 12 da rabi ta tsaye, 12 da rabi ta kwance, a sama da tsakiya da ƙasa. Ki duba tsini takwas ɗin na waje, kowanne ya bar kwata zuwa baki.

In ya gaza da rabin gida ana iya lallaɓawa. In ya kai kwata dan Allah ki nemo ɗinkin da ya ci ki farke, ki auna cibiyar daga ɗinki zuwa ɗinki ya kamata ta bada 6, kusurwoyin 3 da kwata zuwa baki, nan take zaki gane mai laifin. In kuma ya wuce 12 da rabi kar ki ce zaki datse gefe, kwatan tsininki zaki yanke, ki koma ki ƙara matse ɗinkin da yayi siriri.

Babban tauraron maimaici ne, ƙaramin da kika gama shine cibiyarsa, komai iri ɗaya sai dai girma. Abinda ya ƙaru kawai tsawon ɗinki, inci 12 da rabi hannu yana iya kaucewa, dan haka ki ƙara fil, kuma wajen haɗa farin fiffike da ƙaramin tauraro tsini ne ta sama da ta ƙasa, na fiffiken a tsakiya, na ruwan goro biyu a ƙasa. Nakan ɗinka da fiffiken a sama, in juya in duba na ƙasan, in wani ya ɗan nutse in farke inci ɗaya a wajen kawai in gyara. Ya ƙare a 24 da rabi. Sai ki auna shi daga kusurwa zuwa kusurwa ta hannu biyun, kowanne wajen 34 da gida 5, abinda ya fi muhimmanci dai su zo ɗaya, in ɗaya ya fi ɗaya to ya karkace ko da gefunan sun yi daidai. Ki shimfiɗa shi akan tayil ko tebur mai santsi ki shafa da tafin hannu, ya kwanta lumui ba inda ya tashi. Daga nan ki bi bakinsa duka da ɗinki gida 1 daga baki dan kar mahaɗai su buɗe wajen ɗagawa da ajiyewa.

Bodar farko zan faɗa a taƙaice dan itace ke kulle tauraron. Kuskuren da nayi a na ƙanwata shine na ɗauko dogon ƙyalle na ɗinka a gefe na yanke ragowar, yadda muke yiwa bakin zani, sai gefen ya fito yana igiyar ruwa kamar labule. Yadda ake yi, ki auna tauraron ta tsakiyarsa, ba ta baki ba dan baki yana miƙewa, ki yanka boda biyu daidai wannan awon, faɗi 3 da rabi tsawo 24 da rabi. Ki ninka boda biyu ki sa alama a tsakiya, tauraron ma haka, ki haɗa tsakiya da tsakiya, ƙarshe da ƙarshe da fil, sannan ki cike tsakani. Ki ɗinka tauraron yana sama dan ki ga tsininsa. Ki goge alawus wajen boda, ki sake aunawa ta tsakiya, ki yanka sauran biyun 30 da rabi.

Wannan bodar kuma itace wajen gyaran lissafi. A ce duk ƙoƙarinki tauraron ya tsaya a 24 da kwata amma ya kwanta kuma tsininsa lafiya, to ki yanka bodar faɗin 3 da gida 5 maimakon 3 da rabi, tsawon biyun farko 24 da kwata, gida 1 ta nan gida 1 ta can ya mayar miki da kwatan, ki dawo 30 da rabi. Dole ki dawo wannan lambar saboda zagaye na gaba haƙora ne, wato sukwaya rabi fari rabi shuɗi, masu inci 3, guda 10 a kowane gefe da 4 a kusurwoyi, 44 kenan, kuma ba zasu shiga ba sai a 30 cif. Bayansu kin kai 36, wata bodar inci 3 ta kaiki 42, nan kuma ƙananan taurari masu inci 6 guda 7 ke shiga kowane gefe, haka zaki yi ta tafiya har ki rufe gado shida da shida wanda yake inci 72, ki ƙara abinda zai sauko ta gefe.

In awonki ya bada 30 da rabi ta ko'ina, kar ki ninke shi ƙanana, ki naɗe shi a jikin kwalin da ake naɗe yadi ko ki shimfiɗa a ƙarƙashin zanin gado inda ƙura ba zata same shi ba, balle lokacin hunturu. Sai ki yanka sukwaya masu inci 4, fari 22 shuɗi 22, na haƙoran, ki haɗa su bibbiyu fuska da fuska, ki ja layi kusurwa zuwa kusurwa, ki ɗinka kwata ta kowane gefen layin, ki yanka a kan layin, ki goge, ki daidaita kowanne ya dawo 3 da rabi.